Wai da gaske matan Angulo-Sakson suna saka fil biyu a kafaɗa?

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya, ta ce a finafinan tarihin Ingila tana yawan ganin mata da wasu manyan fil na ado guda biyu a kafaɗa, ga duwatsun wuya rataye a tsakaninsu, shi ne take so ta ji ko da gaske haka matan Angulo-Sakson suke shiga ko kuwa ƙirƙirar masu fim ce, sannan wai zinare ne ko me, kuma daga ina suke samo kayan.

To 'yar'uwa, da gaske ne, amma fa ba kowace mace ba kuma ba kowane zamani ba, a nan ne masu fim suke yawan yin kwaɗo. In aka ce zamanin Angulo-Sakson ana maganar shekara wajen 600 ne, tun daga bayan da Rumawa suka tattara nasu ya nasu suka bar Birtaniya wajajen 410, mutane suka riƙa tsallakowa daga arewacin Jamus da Denmak, har zuwa 1066 da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci ƙasar da yaƙi. Shigar da kike gani ta fil biyu a kafaɗa ta farko-farkon ce kawai, ƙarni na 5 da na 6, kafin a kai shekarar 600 ma an daina yayinta. Don haka in kika ga fim yana ba da labarin zamanin Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, kuma aka sa wa matan Ingila wannan shigar, to an makara da shekara 300.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne fil ɗin nan aiki yake yi kafin ya zama kwalliya. Rigar da matan farkon suke sawa ba ɗinkakkiya ba ce irin mai wuya da hannu, wani faffaɗan yadin ulu ne da aka haɗa bakinsa ya zama kamar buhu marar gindi, mace ta shiga ciki ta jawo shi har ƙasan hammata, sai ta kamo na baya ta haɗa da na gaba a kan kowace kafaɗa ta soke da fil. In babu fil ɗin rigar zamewa za ta yi kawai. A ciki akwai wata 'yar riga mai dogon hannu, sau da yawa ta lilin, a waje kuma mayafi mai kauri saboda sanyin ƙasar, shi ma a kan kama shi da fil na uku a ƙirji, wanda yawanci ya fi na kafaɗa girma da tsada. Duwatsun wuyan kuma ba zagaye wuya suke yi ba kullum, a jikin fil na dama ake ɗaure zaren a kai shi na hagu, su sauko kan ƙirji.

Ta yaya aka san duk wannan alhali yadi ba ya shekara 1,500 a ƙasa? Nan ne abin yake burge ni wallahi. Mutanen lokacin ba Kiristoci ba ne tukuna, suna binne mace da cikakkiyar shigarta, to masu tonon kayan tarihi sai su tarar da ƙwarangwal ga fil ɗaya a kan kowane ƙashin kafaɗa, duwatsu a zube a kan haƙarƙari. Sannan ita allurar da ke bayan fil ɗin galibi ta baƙin ƙarfe ce, in ta fara tsatsa sai tsatsar ta cinye ɗan yadin da ke manne da ita ta ɗauki siffarsa, zare bayan zare. In kika juya irin wannan fil ɗin za ki ga wani dunƙulen tsatsa mai muni a bayansa, wanda bai sani ba zai ce a kankare a yar, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ki ga saƙar ɓaro-ɓaro, ki gane ulu ne ko lilin, ki ga ta wane gefe aka murza zaren, har ki ƙirga yadi hawa nawa allurar ta huda. Masu tonon farko na ƙarni na 18 da 19 da yawansu goge tsatsar suka riƙa yi don fil ya yi ƙyalli a cikin akwatin gilas, ba ƙaramar asara suka ja mana ba.

Yanzu nau'o'in. Ba iri ɗaya ake sawa ko'ina ba, kowane yanki da yayinsa. A gabas da arewa, wato Gabashin Angiliya da Lincolnshire har zuwa Yorkshire, inda aka ce Angulawa ne suka zauna, an fi samun wani dogon fil mai siffar gicciye, kai mai ƙulli uku, tsakiya a tanƙware don yadi ya samu wurin zama, ƙasan kuma an yi shi kamar kan doki da idanu da hanci. Siffar gicciyen ba ta da alaƙa da Kiristanci ko kaɗan, tun a Jamus da Sikandinebiya ake yin sa. An samu irinsa sama da 2,000 a Ingila. A wannan yankin dai akwai wani mai sauƙin kuɗi, zobe ne kawai faffaɗa da allura a tsakiya, shi ne na kowa da kowa, sannan matan can suna da wasu ƙananan maɓallan tagulla da suke kama bakin hannun riga da su, yayin da aka ɗauko daga yammacin Nowe a ƙarshen ƙarni na 5, wanda da wuya ki gan shi a kudu. A kudu kuma, kwarin kogin Thames da Sussex da Wessex, yankin Saksonawa, sun fi son zagayayye mai ɗan zurfi kamar ƙaramin faranti, an yi masa ruwan zinare, da zanen murɗe-murɗe ko tauraro a ciki, a sa biyu iri ɗaya. Sai Kent, a kusurwar kudu maso gabas, su daban suke tun farko, suna kallon Faransa ta tsallaken ruwa, kasuwanci da auratayya duk da can, matansu suka fara sa riga mai buɗaɗɗen gaba, wata ma fil huɗu za ki samu a jikinta, biyu ƙanana a sama biyu dogaye a ƙasa, ga ɗaurin kai da zaren zinare, ga wani dunƙulen dutse garai-garai kamar ƙanƙara da aka ɗaure da azurfa yana reto daga ɗamara tare da cokali mai huji-huji.

A nan zan ɗan tsaya don akwai kuskuren da aka daɗe ana yi. Wani malamin coci mai suna Bede ya rubuta a 731 cewa ƙabilu uku ne suka zo, Angulawa da Saksonawa da Jutawa, kuma ya faɗi inda kowa ya sauka. To sai masana na da suka ɗauki taswirar fil suka ɗora a kan maganar Bede, duk macen da aka tono da mai siffar gicciye a ce Ba'angula ce, mai faranti a ce Basaksona ce, shi kenan an gama. Binciken ƙwayoyin halitta ya zo ya nuna abin bai kai nan sauƙi ba. A wata maƙabarta a Oakington kusa da Kambirij an gwada mata huɗu, sakamakon ya fito a 2016, biyu jinin baƙi ne 'yan tsallake, ɗaya ruwa biyu, ɗaya kuma 'yar asalin Birtaniya ce tun kaka da kakanni, kuma ita wannan 'yar ƙasar ce kabarinta ya fi kowanne kaya, har da babban fil mai siffar gicciye. Ni a ganina fil yana gaya miki inda mace ta zauna da mutanen da take cikinsu da matsayinta a wurinsu, ba jinin da ke jikinta ba. Hijirar kam an yi ta sosai, babban binciken da aka buga a 2022 ya samu kusan kashi 76 cikin 100 na asalin mutanen gabashin Ingila na lokacin daga tsallaken Tekun Arewa yake, amma wanda aka tarar a gari ma yana ɗaukar yayin gari. Kuma shekaru ma suna da ruwa a ciki, ƙananan yara mata ba a cika samun su da cikakken saitin ba, sai an fara zama budurwa.

Batun zinare kuma, yawanci ba shi ba ne. Mafi yawan fil na ƙarni na 5 da 6 tagulla ce, maƙeri ya narka tsofaffin kayan Rumawa da duk abin da ya samu ya yi zubi a cikin mazubin yumɓu mai ɓari biyu, an ma tono gutsattsarin irin wannan mazubi a Mucking da ke Essex. In mai kayan tana da hali sai a yi masa ruwan zinare, a kwaɓa zinare da zaiba ya zama kamar man shafawa a shafe fuskar fil ɗin a gasa a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinaren manne, hayaƙin nan guba ne kuma Allah kaɗai ya san maƙera nawa ya kwantar. Wani kuma kuza ake shafa masa ya yi fari kamar azurfa. Kuma ba abin sawa a yar ba ne, da yawa an same su sun sha jiki, zanen ya shafe saboda gugar mayafi, wani ya karye an yi masa faci da ƙusa, wata ma fil ɗin kafaɗunta ba su dace da juna ba, alamar ɗaya ya ɓata aka nemo wani aka cike.

Wanda ya fi kowa nuna isa a ƙarni na 6 shi ne babban nan mai kai murabba'i, tsawonsa ya kai tafin hannun babba ko ya fi. Akwai ɗaya a gidan tarihi na Birtaniya a Landan da aka tono a Chessell Down a tsibirin Wight, azurfa ce da ruwan zinare. Kallon farko za ki ce zane ne kawai aka cunkusa babu tsari, sai kin tsaya kin nutsu sannan ki fara ganin ido, daga idon ki gano baki, can gefe ga cinya da ƙafa mai farata amma ba a haɗe da jikin ba, an wargaza dabbar an cusa kowane gaɓa inda ya samu wuri, ki juya fil ɗin ƙasa ya koma sama sai abin da kika ɗauka dabbobi biyu ne suna fuskantar juna ya zama fuskar mutum da gashin baki. Halittu sama da 20 aka ƙirga a kansa. Akwai fuska mai gemu da tsuntsaye a gefenta wadda wasu ke cewa ubangijinsu Woden ne da hankakinsa. Da gangan maƙerin ya yi haka, ba rashin iya zane ba ne, mutanen nan masu son kacici-kacici ne ko a waƙoƙinsu.

Daga ina kayan suke zuwa, wannan ɓangaren tambayar taki ya fi min daɗi. Duwatsun wuyan ƙarni na 6 da yawa na gilas ne masu launi-launi, wasu a gida aka yi wasu daga Faransa da yankin kogin Rhine, sai kuma amba, wani ƙaron itace ne da ya daskare tun zamanin da ba a san adadinsa ba ya zama kamar dutse mai ruwan zuma, daga gaɓar Tekun Baltik ake kawo shi, mace ɗaya za ta iya samun sama da 100 a ƙirjinta. Jan dutsen ganet da Kent ta yi suna da shi, gwaji ya nuna na farko-farkon daga Indiya da Siri Lanka yake, daga baya aka koma samowa daga Bohemiya, ƙasar Cek ta yanzu. Matan suna rataya 'yar jaka a ƙugu wadda bakinta zoben hauren giwa ne, an daɗe ana gardama ko hauren giwar da ta mutu tun zamanin ƙanƙara ne ko na dabbar ruwa, sai a 2023 aka fitar da gwajin wani da aka tono a Scremby da ke Lincolnshire, ya tabbata giwar Afirka ce kuma alamu sun nuna gabashin Afirka ta yi rayuwa, ana kyautata zaton ta hannun daular Aksum ta Habasha ya fito. A ƙarni na 7 kuma sai ga wuri a kaburburan mata da 'yan mata, amma ba ƙaramin farin nan da kakanninmu suka yi kuɗi da shi ba, wani babba ne mai ɗige-ɗige daga Bahar Maliya, su ba kuɗi suka ɗauke shi ba, laya ce, ana ganin ta neman haihuwa ce ko kariya. Ba wai 'yan Ingila ne suke zuwa Habasha ko Indiya da ƙafarsu ba, kaya ne ke bin hannu zuwa hannu, ta Masar da Rumawan gabas da Italiya da Faransa har ya iso Kent. Kuma ba kaya kaɗai ke tafiya ba, a maƙabartar Updown a Kent an samu wata yarinya ta ƙarni na 7 da gwaji ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na asalinta daga Afirka ta Yamma ne, ya fi kusa da na Yarabawa da Esan da Mende na yau, ta wajen uba, an binne ta cikin mutanen garin kamar kowa da tukunya da wuƙa da cokali da matajin ƙashi.

Af, na kusa mantawa da abin da ke rataye a ɗamara. Banda wuƙa da jaka, akwai makullai na ƙarfe na gaske, sannan a yankin Angulawa akwai wasu na tagulla bibbiyu masu kama da makulli amma ba sa buɗe komai, an yi su ne kawai don a gani, mafi yawan masana suna fassara su da alamar uwargida mai riƙe da gida. Shekara 500 bayan haka dokar Sarki Cnut ta ce matar aure ita ke da alhakin makullin ɗakin ajiyarta da akwatinta da ƙaramin adakarta, in miji ya shigo da kayan sata ba za a kama ta ba sai in an same su a ƙarƙashin makullinta. Abin da kuma ba za ki cika gani ba shi ne 'yan kunne, ba sa cikin adonsu sosai, ƙananan zobban waya da masu tonon farko suka riƙa kira 'yan kunne an gano a jikin sarƙa suke. Zoben hannu da awarwaro ma akwai amma ba yawa.

Wajen 560 zuwa 580 sai abin ya juya. Rigar nan mai kama kafaɗa ta fita yayi, aka koma ɗinkakkiyar riga mai hannu wadda ba ta buƙatar a soke ta, to kin ga fil biyu ba su da sauran aiki, dogayen nan duka suka ɓace cikin ɗan lokaci. Mutane suna yawan cewa Kiristanci ne ya kawo canjin, amma lissafin bai fita ba, Augustine, mai wa'azin da Fafaroma ya turo daga Rum, bai iso Kent ba sai 597, lokacin Sarki Æthelberht da matarsa Bertha 'yar sarautar Faransa wadda dama Kirista ce, canjin riga ya riga shi. Abin da addinin ya yi shi ne ya ƙara buɗe ƙofa ga yayin Rum da Bizantiya, wato daular Rumawan gabas.

A wannan tsakanin ne Kent ta yi fil ɗin da har yau ba a samu wanda ya fi shi ba a irinsa, na Kingston. Wani limamin coci mai sha'awar tono, Bryan Faussett, shi ya samo shi a 1771 a kabarin wata mata a Kingston Down. Zagayayye ne, faɗinsa ya ɗan haura santimita 8, zinare ne na gaske, fuskarsa an kasa ta ƙananan ɗakuna da siraran katangun zinare, kowane ɗaki an yanka ganet daidai shi an zaunar, ɗaruruwa, ga shuɗin gilas da farin ƙwanson teku a tsakani, ga zaren zinare da aka murɗa aka yi macizai da shi. Dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce a ƙarƙashin kowane yankan ganet akwai ɗan fallen zinare da aka buga wa layi-layi masu gilma juna, ƙanana ƙwarai, haske in ya ratsa dutsen sai ya daki fallen ya dawo, shi ya sa jan yake kamar garwashi. Duk wannan ba lantarki ba tabarau. Gidan tarihi na Birtaniya ya ƙi sayen tarin kayan Faussett da aka yi masa tayi, wai a lokacin kayan Girka da Rum ne abin daraja, sai wani maƙerin zinare attajiri na Libaful, Joseph Mayer, ya saye a 1854, shi ya sa har yau fil ɗin yana Libaful ba Landan ba.

Daga tsakiyar ƙarni na 7 adon manyan mata ya koma wuya. Gajeriyar sarƙa ta zinare, da duwatsun zinare masu siffar ganga, da ganet da aka goge ya yi sumul aka rataya, da ametis mai launin shunayya, da tsabar kuɗin Rumawa da aka sa wa marataya, sau da yawa ga gicciye a tsakiya, wannan karon na addini ne. Sai siraran allurai biyu haɗe da 'yar sarƙa don kama lulluɓi. Sarƙar Desborough da aka samu a 1876 ita ce aka fi sani, sai a 2022 aka tono wata a Harpole, duk a Northamptonshire, mai abin ratayawa da duwatsu 30, ta tsakanin 630 da 670. A Trumpington kusa da Kambirij kuma a 2011 aka samu wata budurwa 'yar wajen shekara 16 an binne ta a kan gadonta na katako, da ƙaramin gicciyen zinare da ganet ɗinke a ƙirjin rigarta, gwajin haƙoranta ya nuna ba a Ingila ta yi yarinta ba, daga wajajen tsaunukan Alps ta zo. Wannan zamani ne da mata 'yan gidan sarauta suke shugabantar gidajen ibada, irin su Hild ta Whitby, don haka ba mamaki a ga dukiya da alamar addini a haɗe a wuyan mace ɗaya. Kar ki ruɗe da tarin zinaren Staffordshire da aka samu a 2009, shi kusan duk kayan takubba ne da na yaƙi da 'yan kayan coci, babu adon mata a ciki.

Wajen 680 aka daina binne mutane da kaya gaba ɗaya, daga nan kuma hanyar saninmu ta canza, sai abin da aka ɓoye ko ya faɗi, da zanen littattafai, da wasiyyoyi. Zinare ma ya yi ƙaranci, azurfa ta karɓi fage. Yayin ƙarni na 9 zuwa 11 shi ne fil guda ɗaya faffaɗa zagayayye na kama mayafi, maza da mata duk suna sawa, a zana azurfar a cike zanen da wani baƙin haɗi don ya fito. Wani mai haƙar kabari ya ci karo da guda 6 a harabar cocin Pentney a Norfolk a 1978. Wanda ya fi suna shi ne na Fuller, na ƙarshen ƙarni na 9, faɗin santimita 11 da ɗoriya, an zana gaɓoɓin ji guda biyar a siffar mutane, gani a tsakiya da manyan idanu, ɗanɗano ya sa hannu a baki, shaƙa ya goya hannu a baya yana tsakanin tsirrai, ji ya kai hannu kunne, taɓawa yana murza tafukansa. Tsabar kyau da rashin lalacewarsa har an daɗe ana cewa jabu ne.

Amma in kina neman wanda babu shakka na mace ne, to ga na Ædwen. A 1694 garma ta tono shi a Sutton kusa da Ely, azurfa, faɗin wajen santimita 15, na farkon ƙarni na 11. Zanen gabansa ba wani na a zo a gani ba ne, bayansa ne abin kallo, an rubuta da tsohon Turanci a zagaye cewa Ædwen ce ta mallake ni, Ubangiji ya mallake ta, Ubangiji ya tsine wa wanda ya raba ni da ita sai in ita ce ta bayar don ganin damarta. Kayanta ne, ba na miji ba ba na uba ba, kuma ta sa an rubuta. Haka wata attajira Wynflæd a ƙarni na 10 ta bar wasiyya tana rabon kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ba jikarta wani tsohon fil mai aikin zaren zinare ta ce darajarsa mankus 6 ne. Mankus ɗaya kuɗin azurfa 30 ne, kuma a dokar zamanin Sarki Æthelstan kuɗin bijimin noma guda ke nan, kin ga fil ɗaya ya tashi shanun noma 6. Kusan yadda mata a nan suke ajiye gwal ne, ana kwalliya da shi kuma kadara ce ta ranar buƙata da ta gado.

Sauran abu ɗaya game da finafinan. In fil biyun da kika gani masu tudu ne, dogaye-dogaye kamar ƙoƙon bayan kunkuru, suna kama igiyar riga a saman ƙirji, to waɗannan ba na Angulo-Sakson ba ne sam, na matan Viking ne, mutanen Sikandinebiya da suka shigo a ƙarni na 9 da 10, kuma kaɗan ne aka samu a Ingila, irin kabarin Adwick-le-Street kusa da Doncaster da na Cumwhitton a arewa maso yamma. Masu ɗinkin kayan fim suna son su don suna cika ido a kyamara, sai su manna wa kowa.

Talakawan ƙarshen zamanin kuwa, a garuruwa irin York da Landan an riƙa zuba ƙananan fil na dalma da kuza da yawa-yawa masu arha, wasu ana kwaikwayon tsabar kuɗi wasu ana kwaikwayon na masu hali har da duwatsun ƙarya na gilas. Da can ba a san yawansu ba don ba a kabari suke ba, a gona suke faɗuwa. Tun da aka kafa tsarin rajistar abin da masu na'urar neman ƙarfe suke tsinta a 1997 ake ta shigar da su, musamman daga Norfolk da Lincolnshire, a ciki har da masu zanen Sikandinebiya da aka ƙera a Ingila a kan fil mai ƙirar Ingila.